Tuffar Kwamiti da Haƙoran Ikilima

Jama'a, idan babban mutum ya ɗora wa yarinya abu a tafin hannu, ya faɗa a lasifika cewa ya ba ta, sannan wani ya raɗa mata a kunne cewa kada ta kuskura ta ci, ita kuwa ta gatsa, sata ta yi ko kayanta ta ci? Na juya tambayar nan ta kowace fuska, na kasa amsa ta. Kuma ba don nishaɗi nake yin ta ba. Yarinyar 'yata ce, Ikilima, tana aji uku a firamaren unguwarmu a nan Dutse. Abin da ta gatsa kuwa tuffa ce.

Ranar Talata ina layin mai labarin ya same ni. Tun hantsi na rufe shagon gyaran rediyona nake tura babur taku-taku. Mai gidan man ya fito ya rantse mana cewa tankinsa ya ƙafe ƙaf, alhali ga 'yan bumburutu a tsallaken titi da galan-galan cike, kuma duk hancinsu irin nasa. Ina cikin wannan nazari na hanci sai ga maƙwabcina Muntaka mai faci, yana haki.

"Malam Abdulrauf, bar layin nan. Hedimasta na nemanka. 'Yarka ta ci kayan hukuma."

Na ce, "Ikilima? Ai ba a ba ta muƙami ba tukuna."

"Wallahi ba wasa nake ba. Tafi ka gani."

Kafin mu isa makarantar, bari in gaya muku mafarin abin. An kafa wani kwamiti mai dogon suna, wanda a taƙaice aikinsa kula da cikin yaran makaranta. Shugabansa wani bawan Allah ne da ba zan faɗi sunansa ba, mu dai kira shi Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle, domin duk inda aka ɗaura zare za a buɗe wani abu, da almakashinsa yake zuwa. Allah ya ƙara masa lafiya, shi kam kallo ɗaya za ka yi masa ka san ya ƙware a harkar kula da ciki. Wannan kwamiti ya yi zama a otal-otal, ya je ƙasar waje ya ga yadda yaransu ke cin abinci, ya dawo ya gano cewa matsalar 'ya'yanmu ita ce ba su san abin da ya dace su ci a lokacin hutun tara ba. Sai aka zaɓi makarantar su Ikilima domin bikin ƙaddamarwa.

Aka yi wa yara gargaɗi tun ana gobe: kowa ya yi wanka, kada wanda ya zo da kwanon gida, domin za a ɗauki hoto. Matan da ke zama a bakin ƙofa suna sayar da awara da dafaffen rogo aka kore su tun da sassafe, har da Inna Albarka, wadda ta ciyar da iyayen yaran nan a wannan bakin ƙofar. Maiɗakina Safiyatu ba ta ji gargaɗin ba, ko kuma ta ji ta yi kamar ba ta ji ba, ta ɗaura wa Ikilima 'yan dabino da kantun riɗi a ƙyalle. A ƙofa aka karɓe.

Aka jera yara a rana, manya suka shiga rumfa. Mai Girma bai iso ba sai da rana ta take tsaka, kuma wannan ba laifinsa ba ne, babban mutum ba ya zuwa a kan lokaci don kada a raina shi. Wani masani da aka ɗauko daga nesa ya yi jawabi da Turanci, tafinta na bin sa a baya yana tuntuɓe. Ya ce a riƙa sa wa yaro tuffa da inabi da burodi mai cuku a cikin roba mai murfi, a kwana da ita a firji. Madalla da ilimi. Firji ɗaya ne a layinmu, na gidan wani Alhaji, kuma tun da masu wuta suka manta da mu takalman sallah ake ajiyewa a ciki saboda ɓera.

Daga nan aka sauko da katan-katan daga bayan mota, aka ɗora wa 'yan sahun gaba tuffa ɗai-ɗai a hannu. Malamai na bi suna raɗa musu, "A riƙe kawai, a ɗaga sama, kada a ci." Mai Girma ya karɓi lasifika ya ce, "Yau mun ba 'ya'yanmu abinci mai gina jiki." Aka yi tafi, mai hoto ya ɗauka, sai 'yan kwamiti suka fara bi da katan suna karɓe kayansu. Da suka zo kan Ikilima, tuffarta ta yi giɓi.

Da na isa makarantar, na tarar da Ikilima a bakin ofis, ta yi kuka har ta gaji. Hedimasta Malam Isah yana ciki, ya dafe kai. Mutumin kirki ne, na daɗe da saninsa, rediyonsa ma ni nake lallaɓa masa shi. Ya jawo aljihun tebur, ya fito da tuffar a kan wata tsohuwar jarida, ya ajiye tsakaninmu kamar gawa. Ga sawun haƙora nan, har da gurbin wanda ya faɗi kwanan baya.

"Ka gani, Malam Abdulrauf? Sun ƙi karɓa. Sakataren kwamiti ya zage ni a gaban malamaina, ya ce makarantata ba ta da tarbiyya. Ya ce in ajiye wannan shaida ce, kuma ranar Juma'a in tsayar da yarinyar a taron safe, in faɗa wa yara abin da ake kiran mai cin abin da ba nasa ba."

"Ranka ya daɗe, ɓarauniya ke nan za ka ce mata a gaban makaranta."

"Ni ban ce ba. An ce in ce."

Na ce to tun da sun ƙi karɓa, ya ba ta abarta ta ƙarasa, ko ya cinye da kansa a huta. Ya zabura kamar na taka masa ƙafa.

"Ni? Kayan kwamiti? Ko ƙuda ya sauka a kanta sai na kore shi da ladabi. Allah ya kiyashe ni."

Ya mayar da ita aljihun tebur ya murɗa makulli.

Ku da kuka yi firamare kun san abin da nake tsoro. Bulala kwana ɗaya ce, ta warke. Suna kuwa ba ya warkewa. Akwai mutumin da a garinmu na Kiyawa har ya yi furfura ana ce masa Ɗan Akuya saboda wani abu da ya faru yana aji biyu. Idan aka ce wa Ikilima ɓarauniya ranar Juma'a, da shi za ta gama makaranta, da shi za a kai ta ɗakin miji.

A gida, Safiyatu ta hau kamar wutar kara.

"Malam, don Allah me suke nufi da ba mu san abin da yara za su ci ba? Dabinon garin nan da motoci ke zuwa ɗauka, guba ne? Gyaɗar da nake soya mata fa? Ran da akwai zogale in kwaɗa mata da ƙuli, ran da babu in dafa dankali, ko in saya mata awara wajen Inna Albarka da ɗan yaji. Lokacin yalo ta tafi da yalo, lokacin aya ta tafi da aya. Goruba ma in ta samu, ta wuni tana gwagwiya ba ta dame ni ba. Ka taɓa ganin an kwantar da ita a asibiti? Su da suka san abinci, sun tsayar da 'ya'yan mutane a rana da yunwa, suka ba su abu a hannu suka ce a yi kallo. Ko jaki ka rataya wa dusa a wuya ka ce kada ya ci?"

Na ce, "Ki yi a hankali, ai ba ni na kafa kwamitin ba."

"To wa zan faɗa wa? Kai ne a kusa."

Gaskiyarta. Duk tsarin ƙasar nan a haka yake tafiya, wanda ke kusa shi ke shan faɗa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali sai da aka zuba tuwo na gan shi. Ikilima ta zauna, ta cusa hannun dama cikin riga, ta ƙi fito da shi. Uwarta ta yi lallashi, ta yi tsawa, a banza. Da ƙyar ta buɗe baki. Ashe 'yan ajinsu ne suka ce mata yanzu shari'a ta zo, ranar Juma'a za a yanke mata hannu.

"Baba," ta ce, "hannun za a cire ko haƙoran? Ai haƙoran ne suka ci."

Jama'a, ni ina cikin waɗanda suka yi murna da zuwan shari'a, har na tafi wurin taro a ƙasa saboda babu mai. Na ɗauka in ta zo, masu manyan riguna ne za su fara ɓoye hannu a aljihu. Ban taɓa zaton mutum na farko da zan gani yana ɓoye hannu a Dutse ita ce 'yata mai giɓi ba.

Washegari na ɗauki tambayata na kai wa Modibbo, dattijon da ke ja mana salla a masallacin layinmu. Bafulatani ne mai karatu, yana da 'yan shanunsa a bayan gari. Na tarar da shi a zaure, Muntaka na gefe yana shan inuwa.

"Allah gafarta Malam, yarinyar nan sata ta yi?"

Ya ce, "Subhanallahi. Yarinyar da ko azumi bai hau kanta ba? Babu alƙalin da zai saurari wannan magana. Ka je ka ce mata in ji ni, ta ci tuwonta da hannunta."

"Na gode, Allah gafarta. Amma ni ba alƙali nake tsoro ba. So nake in sani, tuffar nan ta wace ce? Wanda ya faɗa a lasifika ya ce ya bayar. Wanda ya faɗa a kunne ya ce ba a bayar ba. Wanne za a bi?"

Modibbo ya shafa gemu. "Kyauta in ta shiga hannu, ta zama ta mai hannun."

"To wanda ya bi da katan ya karɓe fa? Shi me sunansa?"

Sai Modibbo ya ɗaga kai yana duban rufin zaure, kamar ranar ya fara ganin azara. Can ya ce, "Abdulrauf, shanuna a fadamar Mai Girma suke shan ruwa. Kunnen nan nawa na hagu ya kwana biyu yana damuna."

Muntaka ya fashe da dariya. "Allah gafarta, ai ta dama yake zaune."

"Shi ma ya fara," in ji Modibbo.

Ban ga laifinsa ba. Kowa a garin nan yana da fadamar da shanunsa ke sha. Na dawo shago ina ta saƙe-saƙe. Ni karatuna na boko a ajin yaƙi da jahilci na yi shi, sauran na tsinta a jaridun da ake ƙunshe ƙosai, don haka wataƙila akwai wani babin da ban kai ba. Amma ga yadda lissafina ya tsaya. Yarinya ta san an ce kada ta ci, ta ci, wannan rashin jin magana ne, ba zan wanke ta tas ba. To amma maganar wa ta ƙi ji? Ta ƙaramin malami. Ta wa ta ji? Ta Mai Girma. A duk sahun nan ita kaɗai ce ta gaskata babban mutum, kuma ita kaɗai za a hukunta. Sauran yaran, Allah ya yi musu albarka, tun suna ƙanana sun riga sun gane cewa abin da aka faɗa a lasifika ba a cinsa.

Da la'asar ina gwada wani rediyo da na canja wa lasifika, sai na ji an ambaci unguwarmu. Na ƙara murya. Mai karanta labarai, da muryarsa mai daɗi, ya ce kwamiti ya raba wa ɗalibai tuffa, yara sun ci sun ƙoshi, har wasu sun kai wa iyayensu saura. Ya ce iyaye suna ta sa albarka. Na duba rediyon, na ɗauka ni na haɗa wayar ba daidai ba. Na kunna wani, shi ma haka ya ce.

Ranar Alhamis da aka tashi tara na koma wurin Malam Isah. Matan bakin ƙofa sun dawo, yara sun yanyame Inna Albarka, kowa na cin abin da masani bai sani ba. Ikilima ba ta cikinsu, tun ranar Talata ta ƙi zuwa.

"Ranka ya daɗe, ka ji labarai jiya?"

"Na ji." Bai dube ni ba.

"An ce yara sun ci sun ƙoshi."

"Haka aka ce."

"To gobe in ka tsayar da Ikilima ka ce ta ci abin da aka hana, yaran nan za su kai gida. Iyaye za su ce, ashe hanawa aka yi? Kafin a sauko daga masallacin Juma'a magana ta kai kasuwa cewa Hedimasta ya ce Mai Girma ƙarya ya yi a rediyo."

Ya ɗago da sauri. "Ni ban ce ba!"

"Ba ka ce ba. Tuffar da ke aljihun teburinka ce za ta ce. In duk an cinye, me ya bar wannan? In kuma ba a ci ba, ina sauran?"

Malam Isah ya jingina da kujera. Ya cire hula, ya share zufa, ya mayar. Na ga yana auna Sakatare a hannu ɗaya, Mai Girma a ɗaya hannun, kuma kowa ya san wanda ya fi nauyi, ko a kan sikelin hatsi ne.

"Sakataren nan," ya ce a hankali, "jiya na aika masa a kan maganar gobe. Ya ce wace yarinya? Wace tuffa? Wai shi bai san zancen ba."

"Ka gani."

"Amma da bakinsa ya ce in ajiye shaida."

"Shaidar abin da bai faru ba, ranka ya daɗe."

A nan zan faɗa muku abin da ke ci mini rai, domin ba na son ku ɗauka na fito daga ofishin nan ina taƙama. Ban wanke 'yata da gaskiya ba. Gaskiya na kai wa Modibbo, ta sa masa ciwon kunne. Da ƙaryar rediyo na wanke ta, na jingina da ita kamar bango, ta kuwa riƙe ni. Yarinya ta tsira saboda ƙaryar babban mutum ta fi ƙarfin zaluncin ƙaramin mutum. In wani ya san yadda zan bayyana wa Ikilima wannan in ta girma, ina shago.

Hedimasta ya ce, "Ka ce mata ta zo gobe. Zan faɗa a taron safe cewa duk wanda ya sake ce mata wani abu, ni da shi ne. Kuma kowa ya ci gaba da zuwa da abin da uwarsa ta ɗaura masa, kafin kwamiti ya aiko da firji."

Ya murɗa makulli ya fito da tuffar. Wurin cizon ya yi ja-ja-ja ya motse, amma sauran jikin na nan da ƙyalli. Muka zuba mata ido mu biyu.

"Yanzu ya zan yi da wannan? In na bar ta a nan, fitina ce."

Na ce ya jefa ta bayan katanga.

"Abinci? In jefar da abinci? Ba a yi mini wannan tarbiyya ba." Ya juya ta a hannu. "Ko ka kai wa yarinyar?"

"Ta ce ko a hoto ba ta son sake ganin ta."

Ya leƙa taga, ya tashi ya tura ƙofa. Ya ɗauko 'yar wuƙar da yake fiƙe fensir, ya goge ta a hannun riga, ya yanke wurin haƙoran ya ajiye gefe. Sannan ya raba sauran biyu, ya miƙo mini rabi.

"Malam Abdulrauf, shekaruna nawa ina koya wa yara sunan abin nan a allo da Turanci, har in zana musu shi da alli. Wallahi ban taɓa sa shi a baki ba. Bismillah."

Ya gatsa. Ya tauna a hankali, idonsa a rufe, kamar mai sauraron wa'azi. Ya haɗiye, ya buɗe ido.

"Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, ranka ya daɗe."

"Yalo ya fi ta," in ji shi, ya kai sauran baki.

Ni ma na cinye rabona, ba zan ɓoye muku ba, har da ƙwallayen ciki don kada a bar shaida. Saboda haka idan kwamiti mai albarka ya sake tunawa da kayansa, shagona na nan bakin kasuwa, kusa da masu faci. Sai dai a gaya wa Mai Girma, wannan karon kam ya daure ya zo a kan lokaci.